Watan Da Preben Ya Karɓi Cefane

A layinmu da ke gangarowa daga coci zuwa bakin ruwa a garin Lemvig, babu abin da Preben bai iya ba, in dai da baki ne. Shi ne ya taɓa cewa masu gyaran famfo ɓarayi ne, ya kwance na banɗakinsa da kansa, aka wuni ana kwasar ruwa da bokiti har a ɗakin baƙi. A kantin kayan gini yake aiki, inda yake ba magina shawarar da ba su tambaya ba. Mutum ne mai tumbi da gashin baki da son jama'a, ba shi da mugunta ko kaɗan. Cutarsa ɗaya ce: da ya ji abu sau ɗaya a rediyo, to ya zama farfesa a kansa.

Wata Asabar yana tuƙi ya ji wani masani a rediyo yana bayanin abin da ya kamata iyali su ware wa abinci daga samunsu. Ko gama kashe mota bai yi da kyau ba ya faɗa kicin. Matarsa Bodil, wadda ke aikin jinya a gidan kula da tsofaffi, tana jera cefane a firji, 'yarsu Signe kuma tana zaune tana shafa bota a baƙin burodi.

"Bodil, nawa muke ci a gidan nan?"

"Kai ko mu? Don lissafin ya bambanta."

"Albashina da naki in an haɗa. Kashi nawa ke tafiya ciki?"

"Wajen ɗaya cikin biyar, in an sa kofi da cukun da kake yankawa kamar katako."

Preben ya dafe kai. "Ɗaya cikin biyar! Wato duk Litinin ɗin duniya ciki nake yi wa aiki!"

"Ai aikin bai tafi a banza ba," in ji Bodil tana duban tumbinsa. "Ga shi nan kowa na gani."

"Ki bar wasa. Mutumin rediyo ya ce mai hankali ɗaya cikin goma ya ishe shi. Ni kuwa na ce shi ma almubazzari ne. A ba ni wata guda, da ɗaya cikin ashirin zan ciyar da gidan nan, har a rage."

Bodil ba ta yi musu ba. Ta goge hannu, ta ciro katin banki, ta ɗora a kan jakar cefane, ta miƙa masa da hannu bibbiyu kamar mai ba da kyautar girmamawa.

"Mama, kar ki ba shi!" in ji Signe. "Kin manta famfo?"

"Ci burodinki, 'yata. Ki shafa botar da kauri, ki yi ban kwana da ita."

Da abin ya tsaya a kicin da da sauƙi. Amma a ƙarshen watan ne ƙungiyar masu gidajen layinmu za ta zaɓi ma'aji, kuma Preben ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan kujerar. Mai riƙe da ita Gunhild ce, maƙwabciyarsa ta hannun dama, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya mai harshe kamar aska. Ya same ta tana aske shingen furanninta, ya jingina da katanga ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Gunhild, ki fara share teburinki. Mutumin da zai ciyar da gidansa da ɗaya cikin ashirin, kuɗin ƙungiya a hannunsa haihuwa za su yi. Kuma ranar zaɓe ni zan ciyar da taron gaba ɗaya, daga rarar cefanena."

Gunhild ta ci gaba da askinta. "To madalla. Zan ci abinci a gida kafin in zo."

Dabarar farko kabeji ce. Preben ya ji labarin wani manomi a bayan gari da kantuna suka ƙi sayen kabejinsa saboda ya yi girma fiye da kima. Ya ari ƙaramar tirelar Ebbe, maƙwabcinsa na hagu, wani gwauro marar magana da ke zaune shi da ƙatuwar kyanwarsa. Ebbe ya ce, "Sakatar baya tana da gardama, sai an ɗaure ta da igiya."

"Ebbe, ni nake sayar da sakata. Kada ka koya wa kifi iyo."

Ya je ya lafto kabeji har ya yi tozo, kowanne ya fi kan mutum, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Da ya shigo layin ta wajen coci sai ya rage gudu, ya sauke gilashi, ya danna ham don kowa ya leƙo ya ga arziki. Aka kuwa leƙo. Sai dai ya wuce ƙofar gidansa garin ɗaga wa mutane hannu, ya ce bari ya juya. Yana juyowa motar ta fuskanci tudu, tirela ta fuskanci gangare, sakata ta ce ga garinku.

Kabeji ya ɓalle. Wani na bin wani, suna tsalle suna gangarawa bakin ruwa kamar garken da aka buɗe wa shinge. Mai raba wasiƙu ya yar da kekensa ya haye katanga. Karnuka suka bi da haushi. Wani ƙaton kabeji ya shige ta ƙofar gidan burodi ya tsaya a bayan masu layi. Preben ya fito yana gudu, tumbi na gaba shi yana biye, yana ihu, "Ku tare! Ku tare min! Abincin wata ne!"

Gunhild ta tare guda da ƙafa, ta dube shi. "Preben, ko abincin ma gudun gidanka yake yi."

"Dariya kyauta ce," in ji shi yana haki. "Ki yi ta. Mu haɗu ƙarshen wata."

Maƙwabta suka taya shi tsinta, ban da waɗanda suka faɗa ruwa suna yawo tsakanin jiragen masunta. Aka jibge sauran a gareji, mota ta koma kwana a waje.

Daga ranar gidan ya shiga mulkin kabeji. Da safe soyayye, da rana dafaffe, da yamma miyarsa. Preben ya ɗaura gyale a wuya kamar kukun otal, yana raɗa wa kowane girki suna. Yau "kabejin masunta", gobe "kabejin sarauniya", duk kuwa kabeji ne da gishiri. Kafin mako ya zagayo, ba mai iya zama kusa da wani a falo sai taga na buɗe, ga sanyin kaka.

"Baba," in ji Signe, "a makaranta an canza min wurin zama."

"Hassada ce. Ƙamshin lafiya suke ji."

Da ya ga fuskoki sun fara tsuke sai ya kawo dabara ta biyu. Wani sito a garin da ke kusa, bututun ruwa ya fashe a ciki ya jiƙa kayan gwangwani har takardun jikinsu suka saɓule. Ana sayar da su kwali-kwali a bakin abin da ka bayar. Preben ya ciko bayan mota da gwangwanaye tsirara, masu ƙyalli, ba suna ba hoto.

Bodil ta ɗauki guda ta juya. "Mene ne a ciki?"

"Abinci."

"Wane iri?"

"Kawo nan. Ku ba ku da kunne." Ya kara gwangwanin a kunne, ya girgiza, ya lumshe ido. "Wake ne. Jan wake, cikin ruwan tumatir."

Ya buɗe ya juye a kan kabejin da ke wuta ba tare da ya duba ba. Abarba ce cikin ruwan sukari.

"A ƙasashen da suka ci gaba haka ake ci," in ji shi.

"Mu da muke ina?" in ji Signe.

Washegari kunnensa ya ce kifi, aka samu madara mai kauri. Gwangwanin da ya rantse miyar kaza ce ya fito da jajayen 'ya'yan itace na zubawa a kan kek. Bodil ta ce araha ba ta ado, ya ce ai ba ado ya saya ba.

Sai kuma wani abin mamaki ya fara faruwa. Signe, wadda a da sai an yi da gaske take buɗe littafi, ta zama ɗalibar kirki: kullum da yamma tana gidan ƙawarta suna bitar darasi. Bodil kuma tausayin mahaifiyarta ya taso mata, kullum sai ta je duba tsohuwa, ta dawo tana sakace haƙori, rigarta na ƙamshin gasasshiyar kaza. Preben ya leƙa tukunya ya ga ba ta raguwa, ya fita bakin katanga.

"Gunhild! Abincina albarka gare shi. Loma biyu suke yi su ƙoshi!"

"Na lura," in ji Gunhild, wadda a teburinta Bodil ta ci ƙwallon nama da dankali jiya. "Har ƙiba matarka take yi."

Shi kaɗai ya rage da tukunya, kuma ciki ba ya jin lacca. Wata rana da ya tashi aiki, ƙafafunsa suka ƙi hanyar gida, suka kai shi bakin ruwa inda Jokum ke soya kifi a rumfarsa. Jokum tsohon masunci ne, gidansa ne na ƙarshe a layinmu, kuma iskar teku ta cinye masa kunne ɗaya, don haka ko gaisuwa zai yi sai an ji a ƙetaren ruwa. Preben ya ja hula har gira, ya ɗaga wuyar kwat, ya matso ta bayan rumfa.

"Jokum," ya ce ƙasa-ƙasa, "kifi ɗaya da soyayyen dankali. Bincike nake yi kan farashi."

"PREBEN! KIFI NAWA?"

"Shhh! Ɗaya. To, biyu. Kuma sirri ne."

"SIRRI! AI NI KABARI NE!"

Ya ɓuya bayan tarin ragar kamun kifi ya cinye, har da lashe takarda. Ya yi wa kansa alkawari daga yau ba ƙari. Washegari binciken ya buƙaci a maimaita shi. Jibi kuma Jokum ya soya manyan jatan lande, kuma mai bincike na gaskiya ba ya barin aiki rabi. Kafin a jima, da Jokum ya hango hular nan tana tahowa sai ya jefa kifi uku a mai ba tare da an tambaye shi ba.

Ana haka kabejin gareji ya fara nuna gajiya. Ganyen waje ya yi laushi, wani ruwa-ruwa ya fara bin ƙasan ƙofa, kyanwar Ebbe ta daina bi ta wajen. Preben bai karaya ba. Ya tuna kakarsa tana tsima kabeji da gishiri. Ya kawo wata shuɗiyar gangar roba daga wurin aiki, ya yayyanka abin da ya rage, ya danna a ciki da ƙafa, ya zuba gishiri, har da sukari don ya yi sauri.

Ebbe ya leƙo ta katanga. "Ina jin ana bar masa ɗan wurin shan iska."

"Iska ce ke ɓata abinci, Ebbe. Kimiyya ce." Ya rufe murfin, ya ɗaure shi da zoben ƙarfe, ya bi da gam, sannan ya gangara da gangar kusa da tukunyar ɗumama gida don ta ji ɗumi.

Ranar zaɓe, Lahadi da rana, zauren ƙungiya ya cika fiye da kullum. Har waɗanda ba su taɓa zuwa taro ba sun zo, don labarin liyafar ya zaga. Preben ya sa kwat da laktaye. Shi da Ebbe suka turo gangar a baro, ta kumbura ta yi ciki kamar mai shirin haihuwa, suka ajiye ta gaban zaure kusa da teburin shugaba. A kan dogon teburi kuma ga faranti-faranti na yankakken burodi, an shafe kowanne da wani lallausan nama mai ruwan ƙasa. Sa'a ce ta faɗo masa a kwalin ƙarshe: gwangwani bayan gwangwani, duk niƙaƙƙen nama.

"'Yan uwa maƙwabta," ya fara, babban yatsa a aljihun kwat, "ana cewa rayuwa ta yi tsada. Ƙarya ne. Tunani ne ya yi araha. Ku dube ni. Wata guda ina ciyar da mutum uku da ɗaya cikin ashirin na samunmu. Na rame?"

"Ko kaɗan," in ji Gunhild. "Har maɓallin kwat ɗinka na neman agaji."

"To ku ci ku shaida. Wannan niƙaƙƙiyar hanta ce irin ta manyan otal."

Mutane suka ɗauka, don kunya. Aka fara taunawa a hankali, kowa na satar kallon na kusa da shi. Shugaban ƙungiya ya ce, cikin ladabi, tana da ɗan ƙarni. Ebbe kuwa bai kai baki ba. Ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Preben, gwangwanin gajere ne, mai zobe a ka?"

"Shi ne. Ka san kaya masu kyau ashe."

"Na san shi. Safe da yamma nake buɗe shi. Sai dai tawa ta fi son mai kifi, wannan mai hanta ba ta cika ci ba."

"Taka wa?"

"Kyanwata."

Sai aka ji kujeru na ƙara a zauren. Masu neman adiko na yi, masu neman ƙofa na yi. Matar shugaba ta kurɓe kofin mijinta da nata. Gunhild, wadda ba ta taɓa farantin ba, ta ce, "Shugaba, in ka ji kana son hawa katanga anjima, kada ka tsorata."

"Ku tsaya! Ku tsaya!" Preben ya ɗaga hannuwa. "Nama nama ne! Kuma babban abincin yana nan tafe!"

Kafin ya kai ga gangar, ƙofa ta buɗe, ƙamshin soyayyen kifi ya shigo, Jokum na biye da manyan tire biyu. Bodil ce ta yi odarsa a ɓoye, don ta ce ba za a tara maƙwabta a sallame su da yunwa da sunan gidanta ba. Jokum ya ajiye tire, ya hango Preben, fuskarsa ta washe.

"BABBAN KWASTOMA! JIYA BAN GAN KA BA, NA CE KO BA KA DA LAFIYA! GA NAKA UKU NA WARE, DA MIYA MAI YAWA YADDA KAKE SO!"

Preben ya yi masa alama da ido, da gira, da gashin baki.

"AF, NA MANTA! SIRRI NE! JAMA'A, BA KU JI KOMAI BA!"

Bodil ta juyo a hankali. "Kullum?"

"BAN DA LITININ, INA HUTU!"

"Bincike ne," in ji Preben da wata siririyar murya.

"Baba!" in ji Signe. "Ni ina can ina cin taliya a gidan mutane ina jin kunya, ina cewa na ci amanarka!"

"Taliya? Ba bitar darasi ba?"

"Kai ma ka tambayi Mama lafiyar Kaka."

"Kaka garau take," in ji Bodil. "Ta ce a gaishe ka, kuma ka biya ta kajinta."

Dariya ta ɓarke har da masu buga teburi. Wani mai kunya da ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Preben kuwa ya ga saura harsashi ɗaya a bindigarsa. Ya taka zuwa gangar, ya dafa ta, ya ce da ƙarfi, "Ku yi dariyarku. Amma wanda ya ɗanɗana wannan, shi zai roƙe ni in riƙe masa kuɗinsa!"

"Preben," in ji Ebbe yana ja da baya, "tana huci."

"Ƙamshi ne ke neman hanya."

Ya sa ƙarfe ya ɓalle zoben.

Waɗanda ke bakin ruwa a ranar sun ce sun ɗauka taya ce ta fashe. Murfin ya tashi ya daki silin ya kashe fitila. Kabeji ya yi sama kamar an buɗe famfon kashe gobara, ya tsaya can ɗan lokaci, sannan ya sauko a kan kowa: kan shugaba, kan matarsa, cikin kofuna, kan hoton waɗanda suka kafa ƙungiya. Warin kuwa ba a magana. Aka buɗe tagogi duka, tsuntsayen teku da ke kan rufi suka tashi suka bar unguwar. Preben na tsaye tsamo-tsamo, kabeji na zuba daga gashin bakinsa, ƙarfen na hannunsa har yanzu.

Gunhild ta cire wani zare na kabeji daga gilashin idonta, ta duba shi. "Gaskiya ka cika alkawari. Kowa ya samu, har an rage."

A waje aka ci kifin Jokum, a tsaye, cikin iska. Shugaba ya ce tunda an taru, a yi zaɓen a wuce wurin, ta ɗaga hannu. Aka kira sunan Gunhild, hannuwa suka tashi kamar dawa a gona, har da na Bodil da na Signe. Aka kira sunan Preben. Shi yana ciki an ba shi bokiti da tsumma, hannuwansa duka biyu na aiki, ko kansa bai samu ya zaɓa ba. Amma ta taga ya ga hannu ɗaya ya tashi, ƙato, mai maiƙo.

"Jokum," in ji shugaba, "ka ji sunan da aka kira kuwa?"

"NA JI! PREBEN! MUTUMIN KIRKI NE! IN YA ƘARA WATA ƊAYA YANA WANNAN TSIMIN, ZAN SAKE RUFIN GIDANA!"

Preben ya miƙe daga durƙuson da yake, ya gyara laktayensa da ya jiƙe, ya dubi Bodil da ta shigo ɗaukar jakarta.

"Kin gani ko? 'Yan kasuwa, waɗanda suka san kuɗi, ni suka zaɓa."

Bodil ta nuna masa bayan ƙofa da yatsa. "Ka bar wani kabejin a can ba ka goge ba."